Tankar Mai Mai Tsawon Taƙi Guda, da Abin da Take Koyarwa Game da Yaƙi

Tsakanin 1942 da 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta ƙera tankar yaƙin nan da ta yi suna, Tiger ta farko, kusan guda 1,350. Daga 1941 zuwa 1945 kuwa Amurka ta ƙera babbar motar kaya ta soja samfurin GMC CCKW sama da 560,000. Wato duk Tiger ɗaya akwai irin wannan mota fiye da ɗari huɗu. Amma in ka buɗe kundin kowane kamfani da ke sayar da ƙananan samfuran kayan yaƙi na roba, sai ka ga lissafin ya juye. Ga Tiger ta farkon fita, ga ta tsakiya, ga ta ƙarshe, ga mai fentin hamada, ga mai fentin dusar ƙanƙara. Motar kaya sai an lalubo ta can ƙarshen shafi. Tankar mai kuwa ita ce saniyar ware.

Shi ya sa nake ganin ƙimar mutumin da zai sayi kwalin motar kaya, ya ajiye bodinta gefe, ya zauna da reza da sanfefa ya gina mata tankin fetur da hannunsa. A ganina yana aikin tarihi mafi gaskiya fiye da wanda ya jera tankokin yaƙi goma a kanta. Mai tankoki goma ya nuna mana abin da ake so mu tuna. Mai tankar mai ya nuna mana abin da yaƙin ya dogara a kai.

Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take. Kana sayen kwali ne, a ciki akwai ɗaruruwan ƙananan sassa na roba manne a jikin firam, da takardar bayani, da tambura masu ɓamɓarowa in an jiƙa su a ruwa. Kai za ka yanke kowane sashe, ka goge, ka haɗa da gam, ka yi fenti. Ma'aunin da ya fi karɓuwa ga motocin soja shi ne 1/35, wato kowane santimita ɗaya a samfuri yana wakiltar santimita 35 a mota ta gaske. Kamfanin Tamiya da ke Shizuoka a Japan, wanda ya faro a 1946 da sana'ar katako, shi ya yaɗa wannan ma'auni. A 1961 ya fitar da ƙaramar tankar Panther mai tafiya da batir, girman da ya isa batiran su shiga cikinta ne ya zo daidai da 1/35, sai aka ɗore a kai. A wannan ma'auni, GMC mai tsawon kusan mita bakwai tana komawa taƙi guda, santimita ashirin ko ƙasa kaɗan.

A 1997 Tamiya ta fitar da kwalin wannan GMC a matsayin motar kaya, mai buɗaɗɗen kai da rumfar tamfol. Wanda ya bi takardar bayani tun daga shafin farko zuwa na ƙarshe zai samu mota mai kyau, irin wadda dubban mutane suka riga suka haɗa. Wanda ya tsaya a tsakiya ya ce shi tankar mai yake so, daga nan takardar ta daina yi masa amfani. Dole ya nemo tsofaffin hotuna, ya nemo littafin gyara na sojan Amurka, ya yi awo, ya yi lissafi. Kafin ya ankara tambayoyi sun taru masa: lita nawa take ɗauka, daga ina take ɗaukowa, ina take kaiwa, wa ke tuƙa ta. Waɗannan kuwa su ne tambayoyin da suka yanke hukunci a Faransa a 1944.

Sojojin ƙawance sun sauka gaɓar Normandi ranar 6 ga Yuni, 1944. Sun shafe makonni suna cije-cije a wuri ɗaya, sai a ƙarshen Yuli suka fasa layin Jamusawa, daga nan gudu ya kankama. An karɓe birnin Faris ranar 25 ga Agusta. Zuwa tsakiyar Satumba sun isa wuraren da masu tsara yaƙin suka ɗauka sai an kusa shekara da sauka za a kai. Nasarar ce ta zama matsala. Jiragen saman ƙawancen da kansu ne suka ragargaza hanyoyin jirgin ƙasa na Faransa kafin saukar, don hana Jamus kawo ɗauki. Ga fetur jibge a bakin teku, ga tankokin yaƙi can gaba da ɗaruruwan kilomita, ba abin da zai haɗa su sai taya.

Rundunar Janar George Patton, wato Runduna ta Uku, tana buƙatar fetur kimanin galan 400,000 kowace rana. Ranar 30 ga Agusta abin da ya iso mata bai wuce galan 32,000 ba. Janar ɗin da ake yi wa kirari da saurin kai farmaki ya tsaya cak a yankin kogin Meuse, ba don Jamusawa sun tare shi ba. Kwanakin da ya yi yana jira su ne Jamusawa suka samu suka sake ɗaura ɗamara a wajajen Metz, aka koma zubar da jini na watanni. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ko da kuwa janar ne ke riƙe da guga.

Maganin gaggawa da aka samo shi ne ayarin motocin da aka laƙaba wa suna Red Ball Express. Ya fara aiki ranar 25 ga Agusta, aka rufe shi ranar 16 ga Nuwamba. An ware hanyoyi biyu, ɗaya ta zuwa ɗaya ta dawowa, aka hana kowa hawa sai su. A ranar da aikin ya kai ƙololuwa motoci kusan 6,000 ne a kan hanya, suka kai kaya sama da tan 12,000. Jimillar abin da suka yi dako ya haura tan 400,000. Doka ta ce kada a wuce gudun kilomita arba'in a sa'a, amma direbobi da yawa sun cire na'urar da ke daƙile gudun injin. Barci ya kifar da wasu, tayoyi suka yi ta fashewa, ayarin kansa yana shan fetur har galan 300,000 a rana. Numfashi na gaske bai samu ba sai da tashar jirgin ruwa ta Antwerp ta fara karɓar kaya a ƙarshen Nuwamba.

Ba Amurkawa kaɗai ne ƙishin mai ya kama ba. Ana tsakiyar gwabzawa a El Alamein, ranar 26 ga Oktoba, 1942, jiragen sama suka hallaka jirgin ruwan dakon mai na Proserpina a kusa da Tobruk, man da kwamandan Jamus Rommel ya ƙwallafa rai a kai. A Disamban 1944, a tsaunukan Ardennes, dakarun Jamus ƙarƙashin Joachim Peiper sun bar tankokinsu da motocinsu a ƙauyen La Gleize na Beljiyam suka sulale da ƙafa, domin tankunan sun bushe. Har yau akwai Tiger ta biyu guda ɗaya ajiye a ƙauyen. Masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hotonta suna mamakin kaurin ƙarfenta, alhali abin da ta fi ba da shaida a kai shi ne rashin mai.

To, mai son mai da motar kaya ta dakon fetur yana da hanya biyu, kuma kowace tana da darasinta. Hanya ta farko ita ce ya bar bodin yadda yake ya cika shi da jarkoki. Wannan ya fi kusa da abin da aka fi gani a bakin daga, domin tankokin mai sukan kai shi ne wuraren ɗura, daga nan a zuba a jarka a loda wa motocin kaya su ƙarasa da shi. An ƙayyade wa GMC tan biyu da rabi a hanyar daji, ninkin haka a kan kwalta, ke nan jarka sama da ɗari ko a lodi mafi sauƙi. A ma'aunin 1/35 kowace jarka tsayinta milimita goma sha uku ne da ɗan ɗori. Ƙwararru ba sa haɗa ɗari. Sukan yanka ɗan akwati su ɓoye a tsakiya, su jera cikakkun jarkoki a gefe da baya, a sama kuma su manna kawunan kawai.

Nan ma akwai tarko, don jarka ba iri ɗaya ba ce. Jamusawa ne suka ƙirƙiro ta a 1937, mai cin lita ashirin, da hannu uku a jere: mutum ɗaya ya ɗauki biyu cike ko huɗu babu komai, mutum biyu su kama ɗaya ta hannayen gefe, ko a yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Murfinta na ɗagawa ne a danne, ba ya buƙatar wani ƙarfen buɗewa. Turawan Ingila a hamadar Libiya da Masar da gwangwani mai galan huɗu suka fara, marar ƙwari, mai yoyo da zarar mota ta faɗa gargada, har Janar Auchinleck ya ƙiyasta cewa kusan kashi talatin cikin ɗari na man yana zubewa a hanya. Da suka ga ta Jamus sai suka kwaikwaya. Amurkawa su ma sun yi tasu, mai galan biyar, amma da murfin murɗawa. Wanda ya loda wa motar Amurka jarkoki ya kamata ya san wace iri ya ɗora, kuma me ya sa. Ya kuma san cewa a kakar 1944 miliyoyin jarkoki sun ɓace a gefen hanyoyin Faransa, har sai da aka sa 'yan makaranta su tsinto su ana ba su lada.

Hanya ta biyu ita ce mai wuyar, kuma ita na fi so. A cire bodi gaba ɗaya, a bar kai da inji da ƙarafan ƙasa, a gina tanki. Tankar fetur ta GMC tana ɗaukar galan 750 na Amurka, kimanin lita 2,840, a tankuna biyu masu galan 375 kowanne. Akwai 'yar'uwarta ta dakon ruwa mai galan 700, wadda ke rikita wanda bai lura ba. Mai gini zai fara da yanka faifai masu siffar ƙwai daga farantin roba mai kaurin milimita ɗaya, duka girma ɗaya, ya jera su a kan sanda kamar haƙarƙari. Sai ya ɗauko siririn faranti mai kaurin rubu'in milimita, ya naɗa shi a jikin wani abu mai zagaye, ya tsoma a ruwan zafi don ya riƙe lanƙwasa, sannan ya lulluɓe haƙarƙarin da shi.

Gam ɗin wannan aiki narkar da roba yake yi ya haɗe ta. Ɗigo ɗaya in ya yi yawa, washegari za ka tarar da jikin tankin ya lotsa daidai wurin. Sai a cike da ƙullun toshiya, a jira ya bushe, a goge da sanfefa mai laushi, a fesa fentin share fage. Wannan fenti ba ya rufa asiri, duk wata tsaga da ido bai gani ba shi zai tona ta, a sake komawa kan sanfefa. Layin walda kuwa daga ragowar firam ɗin kwalin ake samo shi. A kara guntunsa a saman kyandir ana juya shi, da ya yi laushi a ja shi a hankali ya miƙe ya zama zare. A shimfiɗa zaren inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, a shafa masa gam ya yi taushi, a bi shi da tsinin reza ana dannawa kaɗan-kaɗan har ya fito da tabon da mai walda ke bari.

Bayan haka sai ƙananan kaya: murafan sama da ake ɗura mai, maɗauran da suka riƙe tanki a jikin ƙarafan mota, ma'ajin jarkoki a gefe, bawul a baya, tukunyar kashe gobara. Tiyo an fi yin sa da wayar dalma, don tana lanƙwasuwa ta zauna yadda aka ajiye ta, ta yi saƙwa-saƙwa irin na roba mai nauyi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tilasta wa mai gini ya tambayi amfaninsa. Me ya sa aka raba tankin biyu? Me ya sa motocin fetur na wancan zamani ke jan 'yar sarƙa a ƙasa? Wanda ya nemi amsar ta biyun zai gano cewa fetur in yana gudu a cikin tiyo ko yana kaɗawa a tanki yana tara lantarki, tartsatsi ɗaya kuma ya isa.

Lissafin ma'auni shi ma yana buɗe ido. Tsawo ana raba shi da 35 ne, amma abin da tanki ke ci sai an raba da 35 sau uku, wato da 42,875. Lita 2,840 ta koma mililita 66, cokalin cin abinci huɗu da ɗan ƙari. A mota ta gaske kuwa wannan fetur ya kai nauyin kilo 2,100 ko kusa, don haka mai gini sai ya yanke shawara: motarsa cike take ko ta sauke? In cike take, bayanta ya ɗan zauna, tayoyin su ɗan baje a ƙasa. Sannan ya auna wannan: tankar yaƙi ta Sherman tana shan kusan lita 650 kafin ta cika. Duk wannan tanki da ya ɓata makonni yana gogewa, Sherman huɗu kawai zai shayar, motar ta juya ta koma ɗebo wani. Wanda ya yi wannan lissafi da hannunsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da ya tsayar da Patton.

Wajen fenti ne ake gane wanda ya kalli hoto da wanda ya kalli aikin wasu. Akwai yayin da ya mamaye harkar na lafta tsatsa da baƙin mai a jikin kowace mota, har ta koma kamar wadda ta shekara talatin a bayan gareji. Motocin 1944 yawancinsu ba su fi shekara ɗaya ko biyu da fitowa daga masana'anta ba. Abin da ke jikinsu ƙura ce da taɓo. Fetur kuma ba baƙin man inji ba ne. In ya zuba yana wanke ƙurar da ya tarar, ya bushe nan da nan, ya bar wani zirin duhu mai ɗan gefe daga bakin murfi zuwa ƙasa, wata ƙurar ta sake hawa kai. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tanka a gidan mai ya san haka. Ƙarya a fenti ƙarya ce, ko da ta burge alƙalan gasa.

Sai babbar tambaya, wadda ke zuwa a ƙarshe lokacin da aka ɗauko ɗan mutum-mutumin direba za a yi masa fenti. Wane launi za a ba fatarsa? Kimanin uku cikin kowane huɗu na direbobin Red Ball Express baƙaƙen fata ne. Sojan Amurka a lokacin a rabe yake bisa launin fata, an tura mafi yawan baƙaƙe aikin dako da tuƙi da lodi, galibi ƙarƙashin fararen hafsoshi, bisa zaton ba su cancanci bakin daga ba. Sai ga shi aikin da aka raina ya zama shi ne ke riƙe da bakin dagar. Ba a ba da umarnin kawo ƙarshen wannan wariya ba sai a Yulin 1948, zamanin Shugaba Truman. Ko fim ɗin da aka yi kan ayarin a 1952 farar fata ne jaruminsa, baƙar fata Sidney Poitier yana daga gefe. Mai ginin da ya san wannan, ya haɗa fentin da ya dace, ya gyara abin da fim ya karkatar, da burushi mai siririn baki.

Na san abin da za a ce. Na farko, wai wannan wasan yara ne, bai kamaci mai gemu ba. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara da ta langa-langa bai kamata mu faɗi haka ba. Yaron da ya fere ɓargon kara ya yi taya, ya lanƙwasa waya ya yi sitiyari, sai da ya tsaya ya ƙare wa motar gaske kallo. Abin da ya bambanta shi da mai samfurin 1/35 shi ne ma'auni da hujja. Mun bar wannan baiwa tana mutuwa da zarar yaro ya shiga sakandare, alhali masu zanen gine-gine da injiniyoyin jiragen ruwa har gobe da ƙananan samfura suke gwada tunaninsu.

Na biyu ya fi nauyi: cewa harkar tana ƙawata yaƙi. Mutanen da suka kwana suna jin ƙarar bindiga a Borno ko Zamfara ko Darfur suna da haƙƙin su yi wa duk wani abin sha'awa mai kakin soja kallon tuhuma. Kuma gaskiya ne akwai masu harkar da sha'awarsu ta zarce ƙarfe ta kai ga tambarin da ke jikin ƙarfen, musamman na Jamus ta Hitila. Amma in akwai samfurin da ya kuɓuta daga wannan zargi, tankar mai ce. Ba ta da igwa, ba ta da sulke, ba a yi mata waƙa. Mutumin da ke cikinta yana zaune ne a gaban lita dubu biyu da ɗari takwas na abin da zai iya ƙone shi ƙurmus. Ita ke nuna yaƙi a matsayin abin da yake: rami mai cinye dukiya da mutane. Mu ma shaida ne, don a 2021 da jihohi irin su Zamfara da Katsina suka so karya lagon 'yan bindiga, cikin matakan farko da suka ɗauka har da hana sayar da fetur a jarka.

Na uku, tsada. Kwalin daga waje yake zuwa, kuma kowa ya san halin da kuɗinmu ke ciki. Wannan gaskiya ne, sai dai hujja ce da ke goyon bayan gini da hannu. Wanda zai iya sayen kwali ɗaya tak a shekara gara ya zaɓi aikin da zai riƙe shi watanni. Kayan ƙarin kuwa suna nan a gida: gwangwanin lemo yana ba da siririn ƙarfen maɗauri, tsohuwar wayar lantarki tana ba da bututu, kyandir da reza ba sa gagarar kowa.

Akwai kuma masu cewa wahalar ta mene ce, tunda ana sayar da tankin a shirye, na'urar buga abubuwa ta zamani ma tana fitar da shi cikin sa'o'i, Tamiya kanta ta yi tankar filin jirgin sama a ma'aunin 1/48. Ba na ƙin wannan. Jarka ɗari da bawul masu ƙananan haƙora, a saya, ba laifi. Amma wanda ya sayi tankin ya sayi binciken wani ne, har da kuskurensa. Ba zai taɓa sanin ko murfin yana inda ya dace ba, don bai taɓa tambaya ba. Ya samu mota, ilimin ya wuce shi. A wannan harka kuwa ilimin ne ribar, motar shaida ce kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne namu labarin na mai yana nan ba wanda ya gina shi. Ranar 25 ga Fabrairu, 1941, Birged ta 23 ta sojojin Najeriya ta shiga Mogadishu bayan Italiyawa sun janye. A can aka tarar da fetur kimanin galan 350,000 da suka bari, ban da man jirgin sama. Da wannan ganima ce aka samu ƙarfin bin su, sojojin suka keta kusan kilomita 1,200 cikin kwana goma sha bakwai suka isa Jijiga a ƙasar Habasha ranar 17 ga Maris. Ana lissafa wannan tafiya cikin mafi sauri a yaƙin baki ɗaya, kuma akwai 'yan Arewa da yawa a cikin waɗanda suka yi ta.

Haka nan daga Satumban 1940, jiragen yaƙin Ingila da ake kawowa cikin akwatuna a haɗa a Takoradi suna tashi su yada zango a Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu, El Geneina, El Fasher da Khartum kafin su isa Alƙahira. Dubban jirage sun bi wannan hanya, kuma kowane zango sai an shayar da su. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, amma bai kai Maiduguri ba sai 1964. Ke nan man da jiragen suka sha a can, a bayan mota ya je, a kan hanyar da damina ke mai da ita taɓo. Direbobi da 'yan dako da masu mirgina duro ne suka riƙe wannan layi, kuma ba sunansu a jikin kowane allo.

Gidajen tarihinmu, daga na yaƙi da ke Umuahia zuwa Gidan Makama a Kano, suna da bango da akwatunan gilashi da za su ɗauki irin wannan aiki. Kwalejojin fasaha suna da ɗaliban da za su iya awo da yanka da fenti, sassan tarihi na jami'o'i suna da masu iya tono hotuna da takardu. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a ba su aiki ɗaya: filin jirgin Kano a 1941 a kan tebur, da motar mai, da durorin, da mutanen da suka yi dakon. Kuɗin da zai ci bai kai na walimar buɗe taro ɗaya ba, kuma ɗan makarantar da ya tsaya a gabansa minti biyar zai fita da sanin cewa kakanninsa suna cikin wannan yaƙi, ya kuma san aikin da suka yi.